Birnin da ke jikin bangon ɗakin Baba

Kalandar ta shekarar 1985 ce, amma sai da ta yi shekara 24 a rataye. A wurin aiki aka ba Baba ita, ya kawo gida ya buga mata ƙusa a saman gadonsa. Da shekarar ta ƙare sai ya yage takardun watannin ya bar hoton. Hoton wani birni ne da magariba, an ɗauko shi daga kan ruwa. Benaye sun jeru sun cunkushe kamar dashe, tagogi duk a kunne, ga wasu biyu tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, sun kere wa kowa. A ƙasa an rubuta New York. Baba Niyok yake cewa, mu ma haka muka taso muna cewa, har yau kuma bakina bai sauya ba.

Ina ɗan shekara 9 a lokacin. In aka aike ni ɗakin Baba ɗauko wani abu, sai an biyo ni da kira, domin ina can tsaye a kan gado ina ƙirga tagogin ɗaya daga cikin tagwayen nan. Ban taɓa kai ƙarshe ba. Wata rana na ce, "Baba, duk mutane ne a ciki?" Ya ce, "Mutane ne mana." Na ce, "To ta ina suke hawa?" Ya ce, "Ka yi karatu ka je ka gano mana."

Sai da na girma na lura babu mutum ko ɗaya a hoton nan. Ko ƙasa babu, benayen kamar daga cikin ruwan suka tsiro. Ni na zuba musu mutane da kaina, daga finafinan da muke kallo. Daga can na samo motocin tasi masu ruwan ɗorawa, da tururin da ke tasowa daga tsakiyar titi, da matakalan ƙarfe da ke manne a jikin gine-gine, da lungun nan mai duhu da ɓarawo ke faɗawa in 'yan sanda sun biyo shi. A birnin da ke kaina kullum dare ne, kullum ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, fitilu suna rawa a kan kwalta. Kowa sauri yake yi. Ba tsoho, ba majinyaci, ba wanda ke zaune kawai don ba shi da wurin zuwa. Kuma ba Niyok kaɗai na yi wa wannan kama ba. In aka ambaci Landan ko Faris ko Tokiyo a rediyo, hoton ɗakin Baba ne ke faɗo mini, sai dai in liƙa masa ƙaton agogo ko in kafa masa hasumiya.

Yayana, wanda ya girme ni da shekara 8, shi Allah ya fara ba tafiyar, a 1994. Bayan wata shida wasiƙarsa ta iso da hotuna uku. A kowanne yana tsaye cikin ƙatuwar rigar sanyi, bayansa benaye. A ɗaya ma ga tagwayen nan na kalanda, ya ɗaga hannu kamar zai dafa su. Baba ya soke wannan hoton a gefen kalandar, mu kuwa muka gama yanke hukunci cewa a tsakiyarsu yake kwana. Ni har hawa na zaɓa masa. Na riƙa gaya wa abokaina a hawa na 90 Yaya yake. Ba wanda ya faɗa mini haka, ba kuma wanda ya ƙaryata ni.

Ranar Talata 11 ga Satumba 2001 muka ga tagwayen a talabijin suna ci da wuta, sannan suka zube ɗaya bayan ɗaya, hawa 110 kowannensu. Mutum kusan 3,000 suka mutu a hare-haren ranar. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Baba ya zauna a bakin gado ya ba kalandar baya, bai ce uffan ba har dare. Kwana biyu muna cikin wannan hali kafin wayar Yaya ta shigo.

"Lafiya lau nake, Baba. Barci ma nake yi lokacin, aikin dare na yi. A talabijin na gani, kamar yadda kuka gani."

Da aka miƙo mini wayar na ce, "Yaya, ashe ba kusa da wurin kake ba?"

Ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Ina! Tsakanina da wurin ya fi kilomita 15. Ban ma taɓa shiga cikinsu ba. Fasinja kawai nake saukewa a ƙofa."

Allah ya yafe mini, bayan murnar yana raye, wani abu ya sosa mini rai. Shekara 7 ina alfahari da hawa na 90, ashe direban tasi ne da ke ajiye mutane a ƙofa ya juya. Ban gaya wa kowa na ji haka ba. Baba kuwa bai sauke kalandar ba. Benayen da babu su a duniya sun ci gaba da tsayuwa a bangonsa har ya rasu a 2009, Allah ya jiƙansa.

A 2002 na fara koyar da zane a makarantar sakandare, kuma tun shekarar farko na ɗauki wata ɗabi'a. Duk sabon aji, makon farko, nakan raba takardu in ce, "Ku zana mini babban birni." Ba na ƙara ko kalma. Na adana takardun nan da yawa, in ka baza su a ƙasa sai ka rantse hannu ɗaya ne ya yi su. Dogayen akwatuna a jere, cike da ƙananan tagogi. Ɗaya a tsakiya ya fi saura tsawo, yana tsukewa mataki-mataki har ya ƙare da tsini kamar allura. Jirgin sama a bisa. Mutane kuwa, in ma an sa su, ba su fi tururuwa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda mai zanen yake tsaye. Kullum yana waje, can nesa, yana hange. Da wuya ka sami yaron da ya zana birnin daga ciki, a ce ga ƙofa a gabansa ga mutum yana wucewa ta kafaɗarsa. Bayan 2010, da aka buɗe benen Burj Khalifa na Dubai mai tsawon mita 828, na tsakiyan nan ya ƙara sirancewa, yara suka koma cewa Dubai. Wurin tsayuwarsu dai bai motsa ba.

Wannan tsukewa mataki-mataki ta dame ni har na bi diddiginta. Ashe doka ce. A 1915 aka kammala wani gini a Niyok mai suna Equitable, hawa kusan 40, ya miƙe sambal daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana. A 1916 birnin ya kafa dokar cewa gini in ya kai wani tsawo dole ya ja da baya, in ya ƙara tsawo ya ƙara ja, don haske ya sami hanyar sauka titi. Da ita aka gina Chrysler a 1930, da Empire State mai hawa 102 a 1931. Su aka yi ta ɗauka a hoto, su aka yi ta sawa a fim, har siffarsu ta zama ita ce siffar birni. Wato yaro ɗan shekara 12 da bai taɓa shiga jirgi ba, hannunsa yana bin dokar da wasu suka zauna suka kafa tun kafin a haifi kakansa.

A wajen wannan bincike na ci karo da aikin wani malamin tsara birane, Kevin Lynch, aikin da ya fito a 1960. Shi ma zane ya sa mutane suka yi, sai dai nasa manya ne, mazauna Boston da Los Angeles da Jersey City, kowa ya zana taswirar garinsa da ka. Mutanen Jersey City, da aka tambaye su abin da ke alamta garinsu, da yawa benayen Niyok suka ambata, waɗanda suke hangowa a tsallaken kogi. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce ashe muna da 'yan uwa.

Tafiyata ba ta yawon buɗe ido ba ce. A 2017 aka ce za a yi wa Yaya aiki a ƙashin baya, sakamakon shekara 23 a zaune bayan sitiyari. Matarsa tana aiki, yara suna makaranta, ana buƙatar mai ɗaga shi da kwantar da shi. Na nemi hutun wata biyu, na sauka a filin jirgin Kennedy cikin watan Oktoba, wani abokin aikinsa ya zo ɗaukata. Ƙato da ni, shekara 41, na manna goshi a gilashin mota. Gidaje nake gani masu hawa biyu, da wayoyin lantarki, da garejin gyaran mota, da shingen waya. Muka yi tafiya mai nisa a haka. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, yaushe za mu shiga gari?"

Ya ce, "Ai tun da ka sauka kana ciki."

Sai da muka hau wata doguwar gada ya ce in dubi hagu. Can nesa cikin hazo na ga wasu 'yan tsinake a jere kamar haƙoran mataji. Na ɗaga babban yatsana na rufe su duka. Shi ya yi mini bayanin cewa birnin yanki biyar ne da aka haɗe a 1898, Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island. Mutanensa sun haura miliyan 8, amma na tsibirin Manhattan ba su kai miliyan 2 ba. A tsibirin ma, dogayen benayen a wuri biyu suka taru, tsakiya da ƙarshen kudu. Sauran jama'a duk hange suke yi, kamar mu.

Gidan Yaya a Bronx yake, ginin jan bulo, hawa na 5, babu lif. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti sai da muka yi rabin awa a kan matakalar nan. Hannunsa ɗaya a wuyana, ɗaya a kan ƙarfe, in mun hau uku ya tsaya ya cije leɓe. A hawa na 3 ya zauna a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya dube ni ya ce, "Ka ga Niyok ko?" Muka yi dariya har ya riƙe baya yana salati. Ban gaya masa labarin hawa na 90 ba.

Mako uku ban fita unguwar ba, daga kantin magani sai wurin wanki. Jirgin da ake kira na ƙarƙashin ƙasa, a nan sama yake bi, a kan ginshiƙan ƙarfe, daidai tagarmu, kuma ba ya hutawa dare da rana. In ya wuce kofuna sai sun yi ƙara a kan kanta. Da asuba ƙarfen ɗumama ɗaki ya kama bugawa kamar ana dukansa da guduma. Tasi mai ruwan ɗorawa kuwa sai in yini ban ga ɗaya ba. Koraye ne ke yawo a nan, waɗanda aka fito da su a 2013 saboda masu ruwan ɗorawan sun fi zama a Manhattan inda fasinja yake. A ginin da ke fuskantarmu akwai wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci. Takan ɗora matashi a bakin taga, ta kafa gwiwar hannu a kai, ta yini tana kallon titi. Ba ta da wurin zuwa. A mako na biyu ta fara ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga mata, domin ni ma a taga nake yini.

Da Yaya ya fara iya zuwa banɗaki da kansa, ya kore ni. Ya ɗauki takarda ya zana mini layuka a tsaye da layuka a kwance, ya ce tun 1811 aka tsara tsibirin haka, titunan da lamba suke, ko makaho ba ya ɓata. In sauka a tashar Grand Central a titi na 42, in yi yamma kaɗan zuwa Fifth Avenue, in gangara kudu zuwa titi na 34. Haka na yi. Daga nesa na hango tsinin Empire State, gabana ya faɗi. Na yi ta tafiya ina shiga ƙarƙashin wasu rumfunan katako da ƙarfe da suka rufe gefen titi, waɗanda ban taɓa gani a fim ba. Daga baya Yaya ya ce dalilinsu wata ɗaliba ce da dutse ya ɓalle daga jikin gini ya kashe a 1979, aka kafa dokar duba bangon dogayen gine-gine a kai a kai, duk wanda ake gyara sai an yi wa masu wucewa rumfa. Da na isa titi na 34 na ɗaga kai, babu tsini, babu bene. Kantuna ne kawai da ƙofofin gilashi da mutane suna bangaje ni. Na zaga na dawo. Na tambayi wani mai shara, bai ko ɗago ba, ya nuna bayana da babban yatsa. Ashe jingine nake da shi. Gindinsa hawa 5 ne kacal, sauran ya ja da baya kamar yadda dokar nan ta ce, na ƙasa ba ya ganinsa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ba su gaya mana cewa in ka shiga birnin Dalar ma ɓace maka take yi ba.

Na nemi lungun ɓarawon nan ma, ban samu ba. Tsarin 1811 bai bar lunguna a bayan gidaje ba sai 'yan kaɗan, shi ya sa a lokacin da yamma ake tara shara cikin baƙaƙen ledoji a gaban ƙofa, tuli-tuli, mai kwat da mai bara duk su raɓa ta gefenta. 'Yan lungunan da ke akwai, irin wani da ake kira Cortlandt, su masu fim ke ta maimaitawa, wasu finafinan ma a Toronto ta Kanada ake ɗaukarsu a ce Niyok ce. Tururin dai gaskiya ne. Bututai ne a ƙarƙashin titi da ke kai wa gine-gine zafi tun 1882. Na tsaya kusa da ɗaya na miƙa hannu, ɗumi ne mai ɗan wari. Raina ya yi fari kamar na haɗu da wanda na sani.

Da na dawo gida da dare Yaya ya dube ni ya gane. Ya ce, "In hoton Baba kake nema, ka shiga jirgin fito na Staten Island. Ba a biyan ko sisi. Ka bari sai yamma, kuma ka tsaya a baya."

Tafiyar minti 25 ce. Jirgin ya ja daga ƙarshen tsibirin, ni ina riƙe da ƙarfen baya, iska tana yanka mini kunne. Da farko bango ne kawai na gilashi a gabana. Muna nisa yana haɗuwa, benaye suna matsowa kusa da juna, ƙasa tana nutsewa, mutane suna ɓacewa, ƙarar gari tana mutuwa, tagogi suna kunnuwa. Wajen minti goma sai ga shi. Ruwa a gaba, magariba a baya, komai a inda na bar shi, ban da tagwayen. A kusa da gurbinsu guda ɗaya ne tsaye, mai mita 541, wanda aka buɗe a 2014. Ban san lokacin da na fara ƙirga tagogi ba. Hawaye suka hana ni, na ce iska ce. Da na juya na leƙa cikin jirgin, masu komawa gida daga aiki ne cike da kujeru, wasu na gyangyaɗi, wasu na danna waya, wata mata ta cire takalmi tana matsa ƙafa. Duk sun ba birnin baya. Mu baƙi ne kaɗai a waje cikin sanyi, mu wajen goma sha, kowa da yarensa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton da ya riga ya zo da shi daga gida.

Makon ƙarshe, Yaya ya fara takawa da sanda, na matsa masa sai mun hau Empire State tare. Ya yi ta gunaguni, wai wannan aikin baƙi ne, shi shekara 23 yana kai mutane ƙofar bai ga abin hawa ba. Muka hau dai, hawa na 86. Ni ina kallon sama da nesa, shi kuwa ya kafa goshi a jikin shingen waya yana leƙen ƙasa. "Ka ga mahaɗar can? Nan wata babbar mota ta taɓa murƙushe mini ƙofa. Can kuma, bayan ginin nan mai koren rufi, akwai wurin da ke barin direba ya shiga banɗaki, ba kowa ya sani ba. Wancan titin kada ka kuskura ka shige shi bayan ƙarfe huɗu." Ya zaga ta arewa ya daɗe yana neman gidansa, ya ce ga shi can, ya ce a'a ba shi ba ne, ya haƙura. Da za mu sauka ya miƙo mini wayarsa ya gyara hula.

"Ɗauke ni in tura gida. Ka ja baya benayen su fito sosai. Tsaya, riƙe mini sandar tukuna."

Na karɓi sandar na ɓoye a bayana, na ɗauke shi. Ba ni da bakin yi masa dariya. A jirgin dawowa na duba wayata, hotuna sun fi 300. Babu matakalar nan, babu ledojin shara, babu tsohuwa mai matashi. Benaye ne, yawancinsu daga kan ruwa.

Kwana biyu da dawowata 'yata ƙarama, mai shekara 8, ta zauna a cinyata tana wuce hotunan da yatsa. Ta ce, "Baba, a wanne Baffa yake?" Na ce ba ya cikin waɗannan, gidansa yana can wata unguwa. Ta ce, "Hawa na nawa?" Na ce na 5. Ta ɗago ta dube ni. "Na 5 kawai?" Na ce na 5, kuma da ƙafa ake hawa.

Washegari da yamma ina shirin fita na jiyo ta a bakin ƙofa da ƙawarta, sun sunkuya a kan wayar uwarta. Tana cewa, "Kin ga wannan mai tsinin? A nan Baffana yake. Hawa na 50." Ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Na sa shi, na raɓa ta gefensu na wuce.